Ana Raɗe-raɗin Sabuwar Kyamara Mai Tarin Megafiksel: In Jira, In Saya, Ko In Riƙe Tawa?

Kusan duk shekara sai magana ta bazu cewa Canon ko Nikon ko Sony na dab da fitar da kyamarar da za ta kere na hannun mutane yawan megafiksel. Da zarar an ji haka, masu hoton biki da masu situdiyo sai su shiga lissafi, wani ya ce bari ya sayar da tasa tun tana da daraja, wani kuma ya dakatar da sayayyar da ya riga ya shirya. Ga tambayoyin da suka fi yawo a irin wannan lokaci, da amsoshinsu.

Daga megafiksel 24 zuwa 45 ai kusan ninki biyu ne. Hoton ma zai ninka fitowa?

Ba zai ninka ba. Megafiksel ɗaya fiksel miliyan ɗaya ne, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, kuma lissafin fili ne, tsawo sau faɗi, shi kuwa ido abin da yake iya bambancewa shi ne yawan ɗigon da ke jere a layi ɗaya. Sony A7 III da Canon R6 Mark II, masu megafiksel 24, suna ba da hoto mai fiksel 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. Canon R5 mai 45 tana ba da 8192 da 5464. Raba 8192 da 6000, za ka ga ƙarin bai wuce kashi 37 cikin 100 ba. Sony A7R IV mai 61 tana ba da 9504 da 6336, ƙarin kashi 58 ke nan a kan mai 24. Kafin a ninka hoton mai 24 da gaske sai an kai 12000 da 8000, wato megafiksel 96.

Wannan lissafi shi ne na farko da za ka yi wa duk kyamarar da ake zancenta. In kana da mai 45 aka ce maka mai 61 na tafe, ƙarin kashi 16 ne kacal. Daga 24 zuwa 33 kashi 17. Daga 20 zuwa 24 bai cika kashi 10 ba. A ganinmu duk ƙarin da bai kai kashi 20 a layi ba, da wuya mai biki ya gane shi a hoton da aka wanke, ko an jera masa biyun gefe da gefe.

To megafiksel nawa aikina yake buƙata?

Girman da kake wankewa da nisan mai kallo su ke ba da amsa. Ma'aunin da gidajen wanke hoto ke aiki da shi ga abin da za a riƙe a hannu shi ne fiksel 300 a kowane inci. A wannan ma'auni:

- Kati mai inci 4 da 6: fiksel 1200 da 1800, megafiksel 2 da 'yar ɗoriya.
- A4: 2480 da 3508, megafiksel 8.7.
- A3: 3508 da 4961, megafiksel 17.4.
- Inci 12 da 18: megafiksel 19.4.
- Inci 16 da 24: megafiksel 34.6.
- Inci 20 da 30: megafiksel 54.

Wanda ya duba layuka biyun ƙarshe zai ce ga hujja ta samu. Sai dai ba wanda ke riƙe firem mai inci 30 a hannu, bango ake rataya shi. Lambar nan ta 300 ta fito ne daga iyakar abin da lafiyayyen ido ke rarrabewa daga nisan kamar santimita 30. In mai kallo ya ja baya zuwa mita ɗaya, fiksel 90 a inci sun wadatar, a mita 3 kuma 30 ma sun isa. Hoton megafiksel 24 da aka wanke a inci 20 da 30 yana da fiksel 200 a inci, ya ninka abin da idon mai tsaye a falo ke buƙata.

Albam ne kaɗai wurin da ya kamata mai hoton biki ya ɗan tsaya. Shafi biyu a buɗe mai inci 12 da 36, in hoto guda aka shimfiɗa daga gefe zuwa gefe, mai 24 za ta ba da fiksel 167 a inci, kuma albam a cinya ake ɗora shi. Nan mai 45 tana da ɗan rinjaye da ido zai iya kamawa. Amma irin wannan shafi ɗaya ne ko biyu a albam, sauran shafukan hotuna uku zuwa shida ake jerawa.

Allon talla da bana da fostar 'yan takara fa?

Su ne ma suka fi ƙarancin buƙata. Allo mai faɗin mita 6 da aka buga daga hoto mai fiksel 6000 yana samun fiksel ɗaya a kowace milimita, kuma daga nisan mita 4 ido ya daina ganin ɗigon. Mai wucewa a mota ko a babur ya fi haka nisa nesa ba kusa ba.

Yawancin masu ba ni aiki a waya suke kallo. Akwai bambanci a nan?

Babu. Allon talabijin mai 4K gaba ɗayansa megafiksel 8.3 ne, mai 1080 kuma 2.1. Facebook yana rage hoto zuwa fiksel 2048 a gefe mai tsawo, Instagram ya daɗe yana aiki da faɗin 1080, WhatsApp kuma yana matse hoto sosai sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Hoton mai 61 da na mai 24 duk ta wannan ƙofa za su bi. Abin da zai rage a idon mai kallo shi ne haske, launi, da ko fokas ya sauka a ido.

To wa za ta yi wa amfani ke nan?

Akwai su, kuma amfanin na gaske ne.

Na farko mai yanke hoto da yawa saboda ba ya iya matsawa kusa. A hawan sallah, inda dogarai da cunkoso ke tsayar da kai wuri ɗaya, ko a filin ƙwallo, ko wajen ɗaukar tsuntsaye, sau da yawa tsakiyar hoton kaɗai kake so. In ka yanke daidai girman ƙaramar sensa ta APS-C (sensa ita ce farantin da ke kama hoto a cikin kyamara), mai 24 za ta bar maka megafiksel 10, Nikon D850 mai 45 ta bar 19, Sony mai 61 ta bar 26. Gilashin milimita 200 ya zama kamar na 300 ba tare da ka ƙara nauyi a kafaɗa ba.

Na biyu mai hoton taro: yaye ɗalibai, saukar karatu, ma'aikatan hukuma. Mutum 30 a jere ɗaya a kan fiksel 6000, kowa ya samu 200, fuskarsa kuma ba ta kai rabin haka ba. A kan 9504 kowa zai samu kusan 317. Tunda kowane ɗalibi fuskarsa zai nema ya zuƙo a waya, wannan ƙarin yana aiki.

Na uku mai kwafar takardu da zane, kamar tsoffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci, taswira, ko aikin zayyana. Shafi mai girman A3 a fiksel 400 a inci yana cin megafiksel 31, a 600 kuma kusan 70. A irin wannan aiki kyamara a kafe take, takarda ba ta motsi, haske a hannunka yake, don haka kowane fiksel da ka biya kana samunsa. Haka mai ɗaukar kayan sayarwa, gwal, agogo, ɗinki, da mai ɗaukar gine-gine.

In ba ka cikin waɗannan, abin da zai gyara maka hoto a sabuwar kyamara galibi wani abu ne dabam, musamman fokas mai bin ido, kuma wannan yana nan a masu megafiksel 24 na yanzu a farashi mai sauƙi.

Gilasan da nake da su za su iya ɗaukar sabuwar sensa?

Hoton ba zai lalace ba, wannan tsoro ne marar tushe. Gilashi ɗaya a kan sensa biyu, in aka wanke a girma ɗaya, mai fiksel da yawa ba ta taɓa yin ƙasa da ɗayar. Tambayar ita ce nawa daga ƙarin za ka samu. A babbar sensa mai milimita 36 da 24, faɗin fiksel ɗaya maikuron 6 ne a megafiksel 24, 4.4 a 45, 3.8 a 61 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Gilashin da ya baza ɗigon haske a kan maikuron 12, sabuwar sensa za ta zana maka wannan dishi-dishin ne da fiksel 3 maimakon 2.

Gilasan zuƙowa masu arha da ke zuwa tare da kyamara, da masu dogon zango irin 18-200 ko 28-300, su ne ke fara gazawa, musamman a gefunan hoto da ƙarshen zuƙowa. Gilashi marar zuƙowa irin milimita 50 ko 85 mai f/1.8 (lambar f ma'aunin kafar da haske ke shiga ce, in lambar ta ƙaru kafar ta tsuke), in aka tsuke shi zuwa f/4 ko f/5.6, yakan ba da mamaki duk da arharsa. A buɗe gaba ɗaya kuwa tsoffin ƙira sukan nuna laushi da jan layi ko kore a bakin farin kaya, kuma sensa mai fiksel da yawa tana ƙara tona wannan.

Akwai kuma batun baki, wato inda gilashi ke ɗauruwa da jikin kyamara. Kusan duk sabuwar kyamarar da ake jira yanzu marar madubi ce. Tsoffin gilasan Canon EF suna aiki lafiya a kan sabon bakin RF ta adafta. Na Nikon F suna hawa Z ta adaftar FTZ, amma tsoffin AF-D, waɗanda injin jikin kyamara ke juya musu fokas, da hannu za ka riƙa saita su. Duk gilashin da aka yi don ƙaramar sensa, irin EF-S ko DX, zai tilasta yanke hoto, sai ka sayi megafiksel 45 kana aiki da 17 ko 19.

An ce irin waɗannan kyamarori sun fi nuna rawar hannu. Gaskiya ne?

Rawar ɗaya ce, tona ta suke yi in ka zuƙo har ƙarshe. Ɗauki mutum mai tafiya mita ɗaya a sakan yana gittawa, faɗin abin da hoton ya ɗauka kuma mita 3. A gudun shota 1/250 na sakan, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, zai gusa milimita 4. A mai 24 wannan fiksel 8 ne, a mai 61 kusan 13. A takarda duka biyun iri ɗaya za su fito, ma'ana kuɗin da ka ƙara bai sayo maka komai ba a wannan hoton.

Tsohuwar ƙa'ida ta ce gudun shota ya zama ɗaya bisa tsawon gilashi, 1/100 ga milimita 100. Daga megafiksel 45 zuwa sama ninka shi, 1/200, in hannunka ba shi da nutsuwa ma 1/320. Na'urar hana girgiza da ke cikin jiki ko gilashi tana taimakon hannunka ne kawai, ba ta tsayar da amarya mai rausaya ko doki mai sukuwa. Duk ninkin gudun shota kuma yana cinye rabin haske, dole ka biya da ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, ko filasha.

Fokas ma haka. Gilashin 85 a f/1.8, mutum na nisan mita 2, zurfin abin da ke fitowa tar bai wuce santimita 6 ba a ma'aunin wanki na yau da kullum. In za a duba a matakin fiksel na mai 45, ya koma kamar santimita 2. Fokas ya zame daga ido zuwa gira ko kan hanci, an rasa ribar. Masu DSLR, wato kyamara mai madubi, sau da yawa sai sun gyara saitin fokas na kowane gilashi a cikin menu kafin su ga amfanin sensar.

In na tsuke gilashi zuwa f/16 don kowa ya fito fa?

Nan wata iyaka ce da ba kamfanin da ya iya ketarewa. Haske in ya bi ta ƙaramar kafa bazuwa yake yi. Faɗin ɗigon da yake yi a kan sensa kusan lambar f sau 1.34 ne a maikuron: 7.5 a f/5.6, 10.7 a f/8, kusan 15 a f/11, 21 a f/16. Da zarar ɗigon ya rufe fiksel biyu da rabi, laushi ya fara bayyana. Ga mai 24 wannan yana farawa wajen f/11, ga mai 45 wajen f/8, ga mai 61 tun f/7.1. A f/16 bambancin da ke tsakanin kyamarorin ya kusa shafewa. Don hoton taro mai layi huɗu ko biyar, gara ka ja baya ka hau wuri mai tudu ka tsaya a f/8, da ka matso ka tsuke.

Iska ma tana da tata iyakar. A hazon hunturu, ko da tsakar rana a bazara lokacin da zafi ke sa abin nesa rawa, gilashin milimita 400 ba zai kawo maka abin da ya kai megafiksel 24 ba, balle 60.

A zauren biki da dare, ba ta fi yin yashi-yashi ba?

In ka buɗe hotunan biyu a kashi 100 a kwamfuta, mai ƙananan fiksel za ta fi nuna yashi, saboda kowane fiksel haske kaɗan ya samu. In ka rage su zuwa girma ɗaya, bambancin ya zama ɗan kaɗan, domin jimillar hasken da ya sauka a sensar ɗaya ne. Girman sensa da shekarun ƙirarta sun fi yawan fiksel tasiri. Sai dai a ISO 6400 ƙananan bayanan da ka sayi kyamarar dominsu yashi ya riga ya cinye su. Filasha biyu da lema za su canja hoton dina fiye da kowace sabuwar sensa.

Abin da ya fi cutar da masu biki a zaure shi ne shota marar ƙara. Sensa mai fiksel da yawa, in ba mai saurin karatu ba ce irin ta Nikon Z8 ko Sony A1, tana ɗaukar lokaci kafin ta karanto hoton daga sama zuwa ƙasa. Wutar Najeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a sakan, fitilu da yawa suna ƙiftawa sau 100 a sakan, sai hoton ya fito da ratsi-ratsi na haske da duhu. Fitilun ado masu arha da janareton da gudunsa ke hawa da sauka suna ƙara dagula abin. Maganinsa a koma shota mai ƙara, a kunna saitin hana ƙiftawa, a tsaya a 1/100 ko 1/50 in ba filasha.

Shadda da yadi mai siririn zane sukan fito da wani bakan gizo a hoto. Sabuwar za ta magance?

Wani lokaci ta rage, wani lokaci ta ƙara. Wannan launi mai kama da igiyar ruwa yana fitowa ne in saƙar yadi ta zo kusan daidai da jerin fiksel. Ƙarin fiksel yana matsar da matsalar zuwa wani nisa, ba ya kawar da ita. Kuma kyamarori da dama masu megafiksel da yawa, irin su Nikon D850 da jerin Sony A7R, an cire musu siririn matacin da ke gaban sensa wanda aikinsa ke nan, don hoto ya ƙara kaifi. In ka gan shi a allon kyamara, matsa taku ɗaya gaba ko baya, ko ka ɗan canja zuƙowa, ka sake ɗauka. Gyara shi a kwamfuta yana yiwuwa amma yana dusar da launin kayan.

Fata kuma wani aikin ne. Duk ƙurji, gashin fuska, da inda hoda ta tattaru za su fito ɓaro-ɓaro, kuma ba amaryar da ta biya kuɗin kwalliya don a ga wannan. Lokacin tace kowane hoto zai ƙaru.

Bayan kuɗin jiki, me kuma zan kashe?

Jikin kansa ba wasa ba ne. D850 ta fito a kan dala 3,300 a 2017, A7R IV dala 3,500 a 2019, R5 kusan dala 3,900 a 2020, alhali A7 III mai 24 ta fito a kan 2,000. Sauran kuɗin kuma a hankali suke bayyana.

Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da ba a tace ba, na mai 24 yakan kai MB 25 zuwa 30. Na mai 45 wajen 50. Na A7R IV kusan 60 in an matse, 120 in ba a matse ba. Bikin da ka ɗauki hoto 2000, daga kamu zuwa walima, zai tashi daga GB 60 zuwa 100 ko 120, kuma tunda kwafi biyu ake ajiyewa, ninka wannan. Faifan ajiya mai TB 2 da ke ɗaukar biki 30 zai koma ɗaukar 16 zuwa 20.

Katin memori ma yakan buƙaci canji. R5 da Z8 suna amfani da CFexpress nau'in B, sababbin Sony nau'in A, kowanne da na'urar karantawarsa. Katin SD mai alamar V30 yana ba da tabbacin rubuta MB 30 ne kawai a sakan, wato ƙasa da hoto ɗaya. In ka danna a jere lokacin shigowar amarya, ma'ajiyar wucin gadi ta cika, kyamara za ta tsaya tana jiran kati.

Kwamfuta: hoton da aka buɗe a Photoshop a bit 16 yana cin MB 144 in mai 24 ne, kusan 270 in mai 45, sama da 360 in mai 61, tun kafin a ɗora masa komai. RAM mai GB 8 ba za ta kai ka ko'ina ba, 16 ita ce mafi ƙaranci, 32 ta fi kwanciyar hankali. Inda wuta ba ta tsayawa, duk ƙarin awa a gaban kwamfuta man janareto ne. Tsohuwar manhaja kuma ba ta buɗe RAW na sabuwar kyamara. Lightroom 6 ta daina samun sabuntawa tun ƙarshen 2017, sai dai ka bi ta Adobe DNG Converter, wadda kyauta ce amma ƙarin mataki ne a kowane aiki.

Batir: a gwajin da kamfanoni ke bi, D850 tana ba da hoto 1840 a caji ɗaya, D750 1230, R5 kuwa ba ta kai 500 ba. A aikace ana samun fiye da haka, amma mai barin DSLR ya tanadi batir uku ko huɗu.

Ni bidiyo na fi yi. Ƙarin megafiksel zai taimaka?

Da wuya. Sony A7S III, wadda aka yi musamman don bidiyo, megafiksel 12 gare ta. Don fitar da 4K daga sensa mai 45 ko 61, kyamara ko dai ta tsallake wasu layuka, ko ta yanke tsakiya, ko ta karanta duka ta rage, wanda ke haifar da zafi. R5 ta sha suka a 2020 kan ɗaukar zafi a 8K kafin sabunta manhajar cikinta ya sassauta abin. Yawancin kamfanoni digiri 40 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin aiki, kuma Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna wuce haka a Afrilu. Ƙarin fiksel ba zai taimaka ba sai in wani ya ce lallai 8K yake so, wanda ke buƙatar faɗin fiksel 7680.

Yaya zan gane jita-jitar da ke da tushe?

Matakai ne. Mafi rauni ita ce takardar mallakar fasaha da wani ya tono: kamfanoni suna rajistar ƙira barkatai da ba sa taɓa ƙerawa. Sai maganar "wata majiya" a shafukan da suka ƙware a raɗe-raɗin Canon, Nikon da Sony. Sukan dace in abu ya rage makonni, sukan yi ta kuskure in ya rage shekara. Abin da ya fi ƙarfi shi ne rajistar sabuwar lamba a hukumomin da ke tantance na'urori masu Wi-Fi, da hotunan jikin kyamarar da suka ɓulla, da gayyatar 'yan jarida. Sama da duka sanarwar kamfanin da kansa.

Ko sanarwar ma iri biyu ce. Nikon ta sanar tana aikin Z9 a Maris 2021, ta bayyana ta a Oktoba, aka fara rabawa a Disamba, kuma masu oda da yawa sun yi watanni suna jira. Canon kuwa ta sanar a Satumba 2015 cewa tana aikin DSLR mai megafiksel 120, ba ta shigo kasuwa ba. An shekara da shekaru ana jiran Nikon D400 da Canon 7D Mark III, ba wadda ta zo da wannan suna. Lambar megafiksel ita ce abin da jita-jita ta fi saurin kawowa, alhali saurin karatun sensa, irin katin da za ta ci, da farashi, su ne za su shafi aikinka, kuma su ba a saninsu sai ranar ƙarshe.

In sayar da tawa yanzu kafin darajarta ta faɗi?

In da ita kake cin abinci, a'a. Cinikin biri a sama ke nan: ka rabu da abin da ke kawo kuɗi saboda abin da ba shi da rana, ba shi da farashi. Tsakanin sanarwa da isowar kaya Legas ko Kano a farashin hankali akan ɗauki watanni, lokacin bukukuwa kuma ba ya jira. A Najeriya akwai ƙarin haɗari, domin farashin kyamara dala yake bi. Wanda ya sayar ya riƙe naira a tsakiyar 2023, lokacin da aka saki canji, kuɗinsa bai sake sayen irin wadda ya sayar ba. A Nijar, inda sefa ke ɗaure da yuro, wannan ɓangaren ya fi sauƙi.

In kyamararka ta mutu ko aiki ya fi ƙarfinta yau, sayi wadda ke kasuwa yau. In lafiyarta ƙalau, jiran ba ya cin komai.

Idan ta fito, in yi oda tun a rukunin farko?

Bari ta yi wata uku zuwa shida a hannun mutane. Nikon D600 ta 2012 ta zo da matsalar ɗigon mai da ƙura a kan sensa, har aka maye gurbinta da D610 a 2013. D750 ma an yi kiran wasu rukunai don gyara. Mai zaune kusa da cibiyar gyaran kamfani zai mayar a duba masa kyauta. Wanda aka yo wa saƙo daga Dubai ko Amurka, takardar garantin galibi ba ta aiki a inda yake.

Akwai gwajin da zan yi da kaina kafin in yanke shawara?

Akwai, kuma ba ya cin kuɗi sosai.

1. Duba ayyukan da ka miƙa a wata shida da suka wuce. Ƙirga hotunan da bayan yankewa suka gaza fiksel 3000 a gefe mai tsawo, da waɗanda aka wanke sama da inci 16 da 24. In ba su kai ɗaya cikin ashirin ba, fiksel ba su ne matsalarka ba.
2. Ɗora kyamararka a kan ƙafa uku, ISO 100, f/5.6, jinkirin sakan 2, ka ɗauki jarida a manne a bango. Sake ɗauka da hannu yadda ka saba aiki. In na farkon ya fi na biyun kaifi sosai, ko sensar da kake da ita ba ka gama cinye ta ba.
3. Sauko da samfurin RAW na kyamara mai 45 ko 61 daga shafukan gwaji irin DPReview. Buɗe a kwamfutarka, ka tace, ka fitar, ka duba agogo.
4. Daga wannan fayil yi kwafi biyu, ɗaya cikakke, ɗaya an rage shi zuwa 6000 da 4000. Wanke su a girman da ka fi sayarwa, a gidan wankin da ka saba. Ba wanda bai san wanne ne wanne ba ya zaɓa.

In sau ɗaya ne a wata nake buƙatar babban fayil fa?

Ga abin da ba ya motsi, juya kyamara a tsaye ka ɗauki hoto 3 ko 4 a jere, kowanne ya hau kan na baya da kashi ɗaya cikin uku, haske da fokas a kulle da hannu, ka haɗe su a Lightroom. Mai 24 za ta ba ka megafiksel 56 zuwa 72 ta haka, kafin a yanke gefuna. Wasu kyamarori suna da saitin gusa sensa da ke haɗa hotuna da yawa wuri ɗaya, amma sai a kan ƙafa uku, kuma ko ganye ya kaɗa zai ɓata wurin. Ga mutane kuwa, hayar kyamara ta yini ɗaya a saka kuɗin cikin farashin aikin ta fi saye.

Sabuwa in ta fito, tsoffin masu 45 za su yi sauƙi. Me zan duba in zan sayi ta hannu?

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan masu buƙatar fiksel, domin sensar D850 ko R5 ba ta tsufa don an yi mata ƙanwa ba. Duba adadin bugun shota: an ƙiyasta D850 a kan 200,000, Canon 5D Mark IV a kan 150,000, kuma kyamarar mai biki tana iya cin rabin wannan a shekara biyu. Gwada ramukan kati duka biyun, ka ɗauki RAW 20 a jere ka ga ko za ta rubuta ba tare da kuskure ba. Rufe gilashi da murfinsa ka ɗauki hoto na sakan 10 a ISO 1600 don ganin matattun fiksel. Sannan ka tsuke zuwa f/16, ka kawar da fokas, ka ɗauki farin bango. Ɗigon ƙura mai zagaye yana fita da abin hura iska ko gogewa da sandar da ta dace da girman sensar. Dogon layi siriri da ya ƙi gusawa bayan an goge kuwa karce ne, kuma canja gilashin gaban sensa aiki ne mai tsada da ba kowane mai gyara ke iya yi ba.